Ina anka binne dawakin yaƙi?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Madawa, Buza da Kaita, a wanga wata za mu yi zancen dokin yaƙi. Shi ne dabbar da ta ɗauki kakanninmu ta shiga da su cikin kibau da masu, alhali ba ta san dalilin faɗan ba.

Bari mu fara da shekara ta 1836. Cikin wagga shekara abubuwa biyu sun faru, ɗaya a ƙasar Ingila, ɗaya a nan ƙasarmu.

A Ingila wani tsohon doki ya mutu. Sunansa Kofanhagen, shekararsa 28. Shi ne dokin da Welintan, babban sarkin yaƙin Ingila, ya hau ranar yaƙin Watalu a 1815, ranar da anka karya Nafoliyon sarkin Faransa. An ce dokin ya yini da ubangidansa bisa baya har awa 17. Da ya mutu sai anka gina rami a gidan gonar Welintan, anka binne shi da girmamawa irin ta soja. Daga baya ɗan Welintan ya kafa dutse bisa kabarin, anka rubuta sunan dokin. Har yau dutsen yana nan ƙarƙashin wani babban icce, mutane suna zuwa kallo.

Cikin wagga shekara dai, a Gawakuke ta Gobir Tudu, anka yi ɗaya daga cikin manyan yaƙoƙin ƙasar Hausa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zo da rundunar Sakkwato. Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa sunka haɗa kai sunka tare shi. Sarkin Gobir Ali ya faɗi a wurin. Sarkin Katsina Rauda shi ma ya faɗi. Bayan wanga yaƙi ne Gobirawa sunka kafa Tsibiri. Tarihi ya riƙe sunayen sarakunan. Dawakin da sunka faɗi tare da su kuwa, ungulu da kura ne sunka yi musu jana'iza.

To, ashe Nasara sun fi mu son doki ke nan? Kada mu yi gaggawar amsawa.

Darajar doki a wurinmu

Ku dubi sarautun fada. Akwai Madawaki, akwai Ubandawaki, akwai Sarkin Dawaki. Akwai Shamaki mai kula da barga, akwai Sarkin Zagi mai tafiya gaban dokin sarki. Babu wata dabba da ta samu sarautu haka a fadar Hausa. Ku dubi kuma sunayen launi: akawal, kili, bidi, hurde, gunya, danda, aharas, bikili. Mutanen da ba su damu da abu ba, ba su tsayawa su rarrabe shi haka dalla-dalla.

Ƙasarmu kuma ita ce gidan doki. Can kudu, inda daji yake da duhu, akwai ƙudan tsando mai sa sammore. Dokin da anka kai can ba ya daɗewa. Saboda haka sarakunan Nufe da na Yarabawa kullum sai sun sayi sababbin dawaki daga arewa. Fatake suna kora su daga Barno, daga Abzin, daga ƙasashen Hausa na arewa, suna gangarawa da su. Dokin da ya fi kowane suna a wajenmu shi ne bagazam. Ya samo sunansa daga dutsen Bagazam na Abzin, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar.

Littafin tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta shekara 600 da ɗori da sunka wuce, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga ko rimi a ɗinke, a rufe doki da ita tun daga wuya har gindi. Kibiya in ta zo sai ta maƙale ciki. Amma ku yi tunanin nauyinta, ga mahayi da sulkensa, ga ranar bazara. Sai ingarma mai ƙarfi yake iya ɗaukar wanga kaya, shi ma ba ya nisa da gudu.

A nan akwai maganar da makaɗan fada ba su cika faɗi ba. Dokin yaƙi ba ya rayuwa da ciyawa kaɗai. Hatsi yake ci, da harawa, da kanwa. Wa ya noma hatsin? Talaka. Wa ya yanko ciyawar? Bara ko bawa. Kuma sau da yawa, in manomi ya ji ƙarar kofato da asuba, ba biki ne ya zo ba, hari ne. A kore dabbobi, a kama mutane. Shi ya sa garuruwa da yawa sunka kewaye kansu da ganuwa ko shingen ƙaya, wasu sunka hau duwatsu. Dokin da ake yi wa kirari a wani gari, shi ake tsine wa a wani garin. Laifin kuwa na mai riƙe da linzami ne.

Doki ba kullum yake cin yaƙi ba. A Tabkin Kwatto, a 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki masu yawa, cikinsu har da ƴan lifidi kamar 100. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda anka haifa a Maratta kusa da Galmi, dawakinsu ba su wuce 20 ba. Yawancinsu ƴan baka ne a ƙasa. Sunka tsaya wuri guda sunka ƙi watsewa, kibau sunka yi aikinsu, rundunar Gobir ta karye. Bayan nan sai jama'ar Shehu su ma sunka tara dawaki, har ya zamana shekara 32 baya, a Gawakuke, Sakkwato ta zo da nata mahayan.

Abin da ya kashe zamanin dokin yaƙi shi ne bindigar Nasara. A 1901 mahayan Kel Geres sunka gwabza da sojan Faransa a Zangebe, sannan a Galma, nan cikin ƙasar Madawa. Takobi da mashi da garkuwa ba su iya isa ga mutumin da yake harbi daga nesa. A 1903 haka ta faru can kudu. Dawakin Kano sunka yi sukuwa sunka faɗa cikin harsashin Ingilishi a Kwatarkwashi, Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a wurin. Ranar 15 ga Maris anka ci Sakkwato. Cikin watan Yuli Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi. Wanda ya je Galma yau zai tarar da gari da gonaki. Mai noma a can yana iya kasancewa bisa ƙashin doki yake shuka, bai sani ba.

Kaburburan da ƙasa ta ɓoye

Duk da haka, girmama doki a kabari ba Nasara sunka fara shi ba. Afirka ta riga su da nisa.

A ƙasar Sudan, bakin kogin Nilu, akwai wani wuri da ake kira Kurru. Nan ne maƙabartar sarakunan Kush, baƙaƙen fata, waɗanda sunka mallaki har Masar shekara kamar 2,700 da sunka wuce. A 1919 masu tonon tarihi sunka samu kaburbura 24 na dawaki kusa da na sarakunan. An binne kowane doki a tsaye, da adonsa na duwatsun wuya. Ɗaya daga cikin sarakunan nan, mai suna Fiye, ya bar labarinsa rubuce bisa dutse. A ciki an ba da labarin yadda ya ci wani birnin Masar bayan ya tsare shi kwana da kwanaki. Da ya shiga, sai ya wuce barga. Ya tarar dawakin sun rame don yunwa. Ya yi fushi da sarkin garin, ya nuna masa cewa wanga abu ya fi ɓata masa rai bisa duk sauran laifuffukansa. Sai dai masana da yawa suna ganin dawakin Kurru kashe su anka yi don su raka iyayengijinsu. In haka ne, wagga daraja ta yi wa dokin tsada.

A nan Nijar ma muna da namu. A 1975 anka gano wata tsohuwar maƙabarta a Bura, cikin ƙasar Tera, jahar Tilaberi. A 1983 wani masanin ƙasarmu, Bube Gado na jami'ar Yamai, ya tona wurin. Ya samu ɗaruruwan tuluna na yumɓu da mutanen dā sunka kafa bisa matattunsu. Wasu sun fi shekara 1,000. Bisa wasu tulunan an ƙera kan mutum. Abin da ya fi ba duniya mamaki shi ne surar mahayi bisa dokinsa, da linzami, da mundaye a hannun mahayin. An tsince ta gutsure-gutsure, anka harhaɗa. Ko wane ne mutumin da anka binne a wurin, danginsa sun so a tuna da shi tare da dokinsa.

Da labarin Bura ya bazu, sai ɓarayin kayan tarihi sunka faɗa wa yankin. Sunka riƙa ba ƴan ƙauye ƴan kuɗi kaɗan su tono, su kuma su kai Turai su sayar da tsada. An lalata wurare da yawa ta haka. Don haka, ɗan'uwa, in garmarka ta tono tsohon tulu, ko ƙarfen linzami, ko likkafa, ko kan mashi, kada ka fasa, kada ka sayar wa baƙo. Ka gaya wa maigari, shi kuma ya sanar da hukuma.

Can Abzin kuwa, bisa duwatsu, mutanen dā sun zana dawaki da mahaya masu riƙe da masu. Rana da iska sun yi shekaru aru-aru suna dukan zanen, bai goge ba.

Me ya hana mu kafa dutse?

Amsar tana maƙabartar garinku. Ku je ku duba. Tudun ƙasa ne, sai guntun icce ko fasasshen tulu. Bayan damina biyu ko uku sai wurin ya baje. Malamai sun hore mu kada mu yi gini bisa kabari. Mutanen da ba su kafa wa ubansu dutse ba, yaya za su kafa wa doki?

Amma addini bai raina dokin yaƙi ba. Sura ta 100 cikin Alƙur'ani, Suratul Adiyati, ta buɗe da rantsuwa da dawaki masu sukuwa. Almajirin da ya karanta Risala kuma ya san hukuncin rabon ganima: mai tafiya ƙasa kashi ɗaya, mahayi kashi uku, ɗaya nasa, biyu saboda dokinsa.

Mu wurin da muke ajiye abin tunawa shi ne baki. Kirari da waƙa su ne dutsenmu. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, nan kudu da mu ƙetaren iyaka, ya yi wa wani doki waƙa mai suna Dokin Iska Ɗan Filinge. Dokin sukuwa ne, don a lokacin yaƙi ya riga ya ƙare. Narambaɗa ya fi shekara 60 da rasuwa, dokin ya zama ƙasa, amma har yau ana sa waƙar a rediyo, yara suna jin sunan. Hausawa sun ce dokin mai baki ya fi gudu. Gaskiya ne a Isa, gaskiya ne a Ingila: dokin babban mutum ake tunawa. Dokin ƙaramin barde, wanda kibiya ta samu a sahun gaba, babu dutse babu waƙa.

Hawan salla shi ma tunawa ne. Lifidi da kwalkwali da kuke gani a Tsibiri, Maraɗi, Damagaram, Katsina da Kano kayan yaƙi ne na gaske, yanzu sun koma na ado. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Yaƙoƙin Nasara

Bindigar da ta karya dawakinmu ba ta bar nasu ba. A yaƙin da Ingila ta yi da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, dawaki fiye da 300,000 sunka mutu a ɓangaren Ingila kaɗai. Yawancinsu ba harsashi ya kashe su ba. Yunwa ce, da ciwo, da gajiya. An ɗebo su cikin jiragen ruwa daga ƙasashe masu nisa, ba a bar su sun huta ba anka ɗora musu sirdi. Mutanen garin Fot Elizabet, inda anka sauke da yawa daga cikinsu, sunka yi karo-karo sunka kafa abin tunawa a 1905. Surar doki ce ta ƙarfe, ga soja ya durƙusa gabansa yana ba shi ruwa cikin bokiti. Ƙarƙashinta anka yi kwami, don dabbobin da ke wucewa su sha ruwa na gaske.

Yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, ya fi wancan muni. An ƙiyasta dawaki da alfadarai da jakai miliyan 8 sunka halaka. Su ke jan manyan bindigogi da abinci da harsashi cikin taɓo. Wanga yaƙi ya taɓa mu. Faransa ta ɗebi samarinmu, ta kuma riƙa karɓe raƙuman Abzinawa da ƙarfi don ɗaukar kayanta. Wannan yana cikin abubuwan da sunka hura wutar yaƙin Kawusan, wanda ya tsare Agadas daga ƙarshen 1916 zuwa farkon 1917.

Cikin dukkan abubuwan tunawa, wanda ya fi shiga ranmu shi ne na birnin Alƙahira. Da yaƙi ya ƙare, sojan Ingila ba su koma gida da dawakinsu na Masar ba. Sunka sayar da su nan, wajen 20,000. A 1930 wata mata mai suna Doroti Buruk, matar wani hafsan soja, ta zo Alƙahira. Ta ga tsofaffin dawakin nan suna jan amalanke da duwatsu, ƙashi da fata, da tambarin soja a jikinsu. Ta rubuta wasiƙa ga wata jarida ta Ingila a 1931, jama'a sunka aiko da kuɗi. Cikin shekara uku ta saye 5,000. Da yawa sun riga sun lalace, sai dai anka ba su abinci da hutu na ƴan kwanaki, anka sauƙaƙa musu mutuwa. A 1934 ta buɗe gidan likita don tunawa da su, inda talaka zai kawo dokinsa ko jakinsa a yi magani kyauta. Ƙungiyar da ke ɗauke da sunanta tana aiki har yau, tana da reshe a Dakar don Afirka ta Yamma. A ganinmu wagga mata ta fi Welintan dabara. Dutsensa doki guda ya amfana, shi ma bayan ya mutu.

Jikokinsu suna turke

Dawakin da ke garuruwanmu yau jinin waɗancan ne. Fari na 1973 da na 1984 ya ci dabbobi masu yawa, kuma wanda rumbunsa ya bushe ba ya iya riƙe dabba mai cin hatsi. Sannan babur ya zo. Saurayin da kakansa ya je zance bisa doki, yau bisa babur yake zuwa. Dokin da ya rage, ko na sarki ne, ko na sukuwa, ko na amalanke.

Na amalanke shi ne abin dubawa. Ku tsaya bakin kasuwar Tunfafi, ko Tamaske, ko Buza, ku dubi bayan dawaki da jakai masu jan kaya. Za ku ga gyambo inda igiya ko sirdi ke gurza. Tsumma mai laushi ƙarƙashin kaya yana hana wannan, in kuma gyambon ya fito sai a wanke da ruwan gishiri, a ɗaga wa dabba aiki har ya warke. Linzaminmu na gargajiya mai zobe an yi shi ne don tsai da ingarma cikin yaƙi. Yana da zafi ƙwarai, mai hannu da nauyi yana yanka wa doki harshe da shi. Dokin amalanke ragama ko linzami mai sauƙi ya ishe shi. Ruwa kuma, dokin da ke aiki da bazara yana bukatar lita 30 zuwa 50 a yini, a ba shi sau da yawa, kada a jira sai dare. Harawa da ƴaƴan gawo a tanade su tun kaka.

Jaki ma ya shiga wani yaƙin da bai sani ba. Ƴan kasuwa suna sayen fatarsa su kai ƙasar Sin a yi magani da ita, har jakai sunka fara tsada da ƙaranci. A 2016 gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakai waje. A farkon 2019 wata mura ta dawaki da jakai ta ratsa ƙasarmu da maƙwabta, ta kashe dubbai. A watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka sunka yanke shawarar hana yanka jakai don fata.

Sai maganar kabari. Akwai kabarin da ya wajaba mu yi wa doki, ko da ba mu kafa dutse ba. Al'adarmu ita ce in dabba ta mutu a ja ta bayan gari a yar. Wannan yana da haɗari, musamman in ciwon saifa ne. Alamarsa ita ce dabba ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci ko ta baya. Ga doki akan ga ciwon ciki da kumburin wuya ko ƙirji kafin ya faɗi. Ƙwayar wanga ciwo in ta shiga ƙasa tana yin shekaru masu yawa ba ta mutu ba. Ruwan sama ya kwashe ta ya kai tabki, dabbobi su ci ciyawar wurin su kamu. Mutum ma yana kamuwa ta wurin fata da nama.

In kun ga haka, kada ku feɗe mushen, kada ku cire fata, kada ku ja shi cikin gari. Ku rufe shi da ƙaya don karnuka da ungulu, ku aika a kira malamin dabbobi. In ya ce a ƙone, a ƙone ƙurmus. In ya ce a binne, a gina rami mai zurfin metir 2, wato ya wuce tsayin namiji a tsaye, nesa da rijiya da tabki da hanyar ruwa. A zuba har ƙasar da jinin ya taɓa. A cike ramin, a danne da duwatsu, a kewaye da ƙaya, a gaya wa makiyaya su kauce wa wurin. Sauran dabbobin gidan da na maƙwabta kuma a kai su a yi musu allurar rigakafi, a sake ta kowace shekara kafin damina.